Tubalin Unguwar Jigawa

In ka bi hanyar Kurawa za ka Burkusuma, da ka wuce fadama akwai wani tudu a hannunka na hagu, dogo, kamar raƙumi ya kwanta. Masu babur ko kallonshi ba su yi. To, wanga tudu ganuwa ce da ta zube, kuma akwai hannun kakar kakata a cikinta, Fadima maginiyar tukwane. Garin da ya zauna a wurin Birnin Marke sunanshi. Yau gero ake nomawa inda fadar take.

Bayan da masu jihadi sunka ci Alkalawa, Gobirawa sun watse, kowa da inda ƙafarshi ta kai shi. Wani ɗan sarki ya tara waɗanda sunka bi shi, sunka zauna gindin wani babban marke, ya ce nan ne birninshi. Amma sarkin lokacin nan ba mazaunin gida ba ne. Rabin shekara shina sansani da mayaƙa. Gari kuwa a hannun Magajin Gari yake. Magaji ka ba baƙo filin gida, shi ka faɗin inda za a haƙa rijiya, shi ka buɗe kasuwa, shi ka rufe ƙofa. In za a yi ganuwa, shi ka ɗaukar sanda ya ja layinta a ƙasa, kuma inda sandarshi ta bi, ba mai gogewa.

Sarki ba shi zaɓen Magaji. Unguwanni ka zaɓe, shi nashi naɗa rawani. Ga yadda suke yi. Kowace unguwa ta gina tubali guda, da ƙasar unguwarta, da ruwa, da yankakkiyar ciyawa, ba a ƙara komi. Ran zaɓe mai unguwa ya ɗauko tubalin ya aje gaban mutumin da suke so. Sai a zuba wa kowane tubali ruwa ƙwarya uku. Wanda ya narke ba a ƙidaya shi. Tsofaffi sun ce unguwar da ƙasarta ba ta iya tsayawa cikin ganuwa, ba ta da bakin magana a kan ganuwa.

Magaji na farko ya rasu ana cikin yankan gero, garin kuwa har lokacin shingen ƙaya ne kawai ya kewaye shi. Kowa ya san da an gama kaka, ƙasa ta bushe, dawakin hari za su fito. Dole a yi Magaji, dole a ja layi.

Mutum biyu anka fitar. Akwai Jibrilla, shugaban maharba, wanda mahaifinshi ya faɗi a ƙofar Alkalawa. Shi ya ce a ja ƙaramar ganuwa, ta kewaye unguwa shida da fada, a gama ta cikin wata biyu. Akwai kuma Lawwali mai haƙar rijiya, gajere, mai yawan dariya. Shi ya ce a faɗaɗa ta, ta haɗa har unguwa ta bakwai.

Unguwa ta bakwai ita ce ta su Fadima. Su ne sunka zo daga baya. Gida goma sha tara ne, yawancinsu masu karatu da manoma, kuma sun yi shekara bakwai zaune wajen garin Isa a ƙarƙashin masu jihadi kafin su biyo 'yan uwansu. Wagga shekara bakwai ita ce laifinsu. In sun wuce a kasuwa sai ka ji ana cewa, «Ga na Shehu nan.» Da sunka iso duk ƙasar kirki an rabe, sai anka ba su jigawa a gabas, rairayi zalla. Mai unguwarsu shi ne mijin Fadima, Malami, mai makarantar allo.

Unguwa uku na bayan Jibrilla, uku na bayan Lawwali, wannan ba ɓoye ba ne. Saura tubalin Jigawa. In ya tsaya, Lawwali ya ci, suna cikin birni. In ya narke, an yi kunnen doki, kuma in anka yi haka sarki ka zaɓa, kowa kuwa ya san sarki ba shi barin maharbinshi. Gida goma sha tara su kwana a waje, da ɗiyansu da awakinsu.

Malami ya gina tubali biyu na gwaji a bayan makaranta. Da sunka bushe ya zuba wa na farko ruwa. Ƙwarya guda ta ishe shi. Na biyu bai jira ruwa ba, a hannu ya ware.

Fadima na tsaye da tsintsiya tana kallo. Ta ce, «Malam, wanga tubali ne ko dambu?»

Ya ce, «Ke dai yi ta dariya. Ran da dawaki sunka zo sai ki yi musu ita.»

«In ka bar mini aikin fa?»

«Tubali aikin maza ne.»

«Na gani,» in ji ta, ta share dambun da tsintsiya.

Kashegari da hantsi sai ga jaki a ƙofar gida da kayan harawa, ba mai kora. Fadima ta ɗaga harawar, ta tarar da laka baƙa wulik a ƙasa, irin ta fadama. Ta san jakin, na Lawwali ne. Ta kama igiyarshi ta ja shi har bakin rijiyar da Lawwali ke haƙa, ta leƙa ciki.

«Baban Rijiya, jakinka ya ɓata.»

Muryarshi ta fito daga ƙasa. «Bai ɓata ba, matar Malam. Aike ne.»

«Aiken ya dawo. Kai ka manta wa ke zuba ruwan? Inna Laraba ce. Matar da in ta lasa ƙasa za ta gaya maka gonar wa aka ɗebo ta. Ta kama mu da laka baƙa, mu da ake cewa munafukai tun ba mu yi komi ba, mi kake so a ce da mu?»

Lawwali ya aje magirbinshi a can ƙasa. Ya ce, «To mi za ki yi?»

«Ban sani ba tukuna. Hawo ka sauke kayanka, jakin ya gaji.»

A hanyar komawa ta tsaya. A tsakiyar unguwarsu, tsakanin makaranta da turken awaki, akwai wani suri, gidan gara, ja, ya fi mutum tsawo. Damina uku ta gani a kanshi, ruwa na dukan shi, ko gezau. Ita maginiya ce, ta san abin da gara ke yi: daga can ƙarƙashin rairayi take ɗauko yumɓu, ta kwaɓa da miyanta. Shekara uku tana wuce shi ba ta taɓa tunanin sa mishi hannu ba, don ba mai taɓa suri. Mutanen gari sun ce gidan iskoki ne, matan bori ma har fura suke zuba mishi. Mutanen Malami sun ce wannan zancen jahiliyya ne, amma ko su sai su kewaye ta bayan turke.

Ta gaya wa Malami. Ya ce, «Ni ban yarda da iskokin suri ba.»

«Madalla. Ga gatari.»

«Amma yau bayana na ciwo.»

Ta ɗauki gatarin da kanta. Matan unguwa sunka fito sunka tsaya nesa, hannu a baki. Ta je gaban surin ta ce, «Salamu alaikum, masu gida. Maƙwabta ne. In dawaki sunka zo, da mu da ku za su tattake. Ku ara mana ƙasa.» Ta yi bismilla ta sara ta gefen da gara ta riga ta tashi. Gatarin ya yi tsalle kamar ya bugi dutse. Sai da ta yi sara goma kafin ta samu cikin ƙwarya.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta daka ƙasar a turmi, ta jiƙa ta, ta rufe da tsohuwar tabarma kwana uku har ta tsima. Ta yanka ciyawa ƙanana ƙanana ta kwaɓa da ƙafa, ta gina tubalin, ta shanya shi a inuwa, ba a rana ba, tana juya shi safe da yamma kamar mai jinya. Malami ya daina maganar ciwon baya. Shi ya riƙa korar kaji daga wurin.

Ran zaɓe bayan sallar azahar anka taru gindin marke. Sarki na kan buzu, ya zo daga sansani takanas. Jibrilla ya zauna dama, Lawwali hagu. Inna Laraba, wadda ta fi kowa shekaru a cikin waɗanda sunka fito Alkalawa, ta zauna tsakiya da tulu da ƙwarya. Masu unguwa sunka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, uku nan, uku can. Malami ya zo ƙarshe. Tubalinshi ja ne, sauran duk baƙaƙe. Ya aje gaban Lawwali.

Wani daga cikin maharba ya ce, «Malam, a kawo maka ludayi? Yanzu zai zama kunu.»

Inna Laraba ta bi tubala shida da ruwa, duk sunka tsaya, ko da yake na unguwar mahauta ya zubar da kafaɗa guda, anka yi ta yi musu tsiya. Ta iso kan ja. Ƙwarya ta farko, ruwan ya gangara. Ta biyu, ya gangara. Ta uku ta ɗaga hannu sama sosai ta sako shi da ƙarfi, don kada a ce ta yi sassauci. Tubalin ya yi duhu, ya yi sheƙi, bai motsa ba.

Jibrilla ya miƙe. «Inna, wagga ba ƙasar Jigawa ba ce. Na san Jigawa, ko turke ba ya tsayawa a cikinta.»

Inna Laraba ta kankari gefen tubalin da farce ta sa a harshe. Ta daɗe tana juya shi. Ta ce, «Wa ya sari suri?»

Fadima ta fito daga cikin mata ta durƙusa. «Ni ce, Inna.»

«To kun ji,» in ji Jibrilla. «Ƙasar iskoki ce, ba tasu ba.»

Inna Laraba ta dubi Fadima. «Wa ke share gindin surin?»

«Mu, Inna.»

«Awakin wa ka hawa kanshi?»

«Namu.»

«Kin yi sallama?»

«Na yi.»

«To masu gidan 'yan unguwarku ne ke nan. Da ba su yarda ba, da ya narke.» Ta juya. «Zauna, Jibrilla. Huɗu da uku.»

Jibrilla bai zauna ba. Ba mugu ba ne, kakata ta sha faɗa mini wannan, mutum ne da ya ga birni ya faɗi da idonshi. Ya ce, «Na ji, na sha kaye. Amma ku saurara. Ganuwar Lawwali ta fi tawa da taki ɗari huɗu. Daga fadama zuwa Jigawa jaki sai ya yi rabin yini da laka. Ba za a gama ba kafin hari. Za mu bar baki buɗe a gabas, mu mutu gaba ɗaya, da su da mu.»

Wannan magana gaskiya ce, kowa ya sani, har Lawwali ya sunkuyar da kai.

Fadima ta dubi sarki ta ce, «Yallaɓai, in yi magana?»

«Yi.»

«Jiya na zaga jigawa na ƙirga. Suri talatin da ɗaya, ban da ƙanana. Ba mu bukatar lakar fadama. Ku ba mu gefen gabas, mu za mu gina shi. Abin da muka rasa masu sara ne, don wallahi da tauri, mazanmu kuwa bayansu na ciwo.»

Mutane sunka fashe da dariya, Malami ya rufe fuska da hannun riga. Jibrilla ya ɗauki jan tubalin, ya juya shi, ya buga shi da gindin wuƙarshi. Ya yi ƙara kamar tukunya gasasshiya.

Ya ce, «Sallamar da kika yi, mi kika ce musu?»

Ta faɗa mishi.

«Ki zo gobe ki yi wa sauran talatin ɗin. Za ni kawo maharba ashirin da gatura. Amma ke za ki fara sara kowane guda, ni ba ruwana da su.»

A ran nan sarki ya naɗa wa Lawwali rawani, kuma kafin la'asar sabon Magaji ya ɗauki sanda ya ja layi, ya bi ta bayan makarantar Malami da turken awaki, yara na binshi suna taka sawun. An gama gefen gabas kwana tara kafin a gama gefen yamma. Da masu hari sunka zo cikin bazara, sun zaga birnin sau biyu, sunka kwashi shanun da anka manta a fadama, sunka tafi.

Lawwali ya yi shekara goma sha ɗaya shina Magaji, ya bar rijiya tara. Da ya rasu anka sake aje tubala, kuma wanda ya ci Jibrilla ne, biyar da biyu, har da jan tubalin Jigawa a gabanshi. Fadima ce ta gina shi, ta ce mutumin da ya iya cewa na sha kaye a gaban sarki, ya iya riƙon gari. Bayan shi an yi wani ɗan unguwar mahauta da bai kai shekara ba, sannan jikan Malami. A zamaninshi ne rijiyoyin sunka ƙafe, mutane sunka tashi sunka koma Sabon Birni da Unguwar Lalle.

Bara na sa jikana ya tsaya da babur a wurin, na sauka. Tudun duk ya kwanta, manoma sun cinye yamma da arewa. Gabas ne kawai garma ba ta shiga. Na kankari kaɗan da farce, ja ne har yanzu, kuma gara ta dawo ta yi gida a kanshi. Na yi musu sallama kafin in hau.