Masaukin Ɗantala

Aikin da aka ba Bamalli a Bikin Makaɗan Jiha shi ne ya samo wa mutum ɗari huɗu da 'yan kai wurin kwana. An zaɓe shi ne don shi ɗan garin ne, kuma yana da digiri a fannin tarihi, abin da ma'aikatarsu ta Minna ta ɗauka ya isa ya sa mutum ya san inda ake samun katifa.

Shekarar 1979 ce, lokacin da mutanen garin ke koyon kiran garinsu Suleja, tunda an ɗauke tsohon sunan an ba dajin da za a gina babban birnin ƙasa a ciki. Kwana uku za a yi ana biki a fili, a gindin Dutsen Zuma. An kafa dandamali da rumfuna, an kawo injin wuta da lasifika. Nufawa za su zo, da Gwarawa da Kambarawa da Hausawa, kowa da abin kiɗansa, kuma babu wanda zai zo da gado.

Bamalli ya raba su a takarda. Manyan baƙi a gidan saukar baƙi na gwamnati, inda akwai fanka. Shugabannin ƙungiyoyi a ofisoshin malamai. Sauran a azuzuwan makarantun firamare biyu, kowace ƙaramar hukuma da ajinta, maza daban, mata daban. Waɗanda suka rage kuma tantuna a bakin fili, dab da injin wuta, don a ganinsa makaɗi bai kamata ya damu da ƙara ba.

Wata biyu ke nan da rasuwar mahaifinsa, Almu mahauci na unguwar Wambai. Bamalli ya zo jana'iza, ya yi zaman makoki, ya karɓi gaisuwa, ya ce amin a duk inda ake cewa amin. Ya jira baƙin ciki ya zo masa, da ya ga bai zo ba sai ya koma bakin aiki. Bayan sadakar arba'in ya ba da hayar ɗakin da ke gefen zaure ga Romanus, direban wani kamfani mai sharar daji. A lokacin duk mai ɗaki a garin haka yake yi, kuma Bamalli bai ga dalilin fita daban ba.

Mahaifiyarsa, Inna Yalwa, tana cikin takaba, ba ta fita. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma kallonsa in tana yi masa magana. Ranar Talata da ya shiga gaishe ta, bango ta yi wa magana.

"An ce Ɗantala yana cikin masu zuwa."

"Yana ciki, Inna. Mutanen Kontagora, aji huɗu."

"Aji huɗu."

"Akwai tabarmi. Sababbi ne."

"Shekara talatin da ɗaya," in ji Inna Yalwa, "bai taɓa kwana a garin nan ba sai a ɗakin zauren nan. Ranar sunan wani ma yana nan."

Wanin shi ne Bamalli.

Ɗantala makaɗin kalangu ne, kalangu kuwa kiɗan mahauta ne. Irinsu ba sa zaɓen masauki. A kowane gari makaɗi yana da gida ɗaya. In ya iso sai ya tsaya a ƙofa da kayansa a ka, ya kaɗa taken maigidan, namijin gidan ya fito ya sauke masa kayan da hannunsa. In an yi haka, gidan yana nan. In ya kaɗa ba a fito ba, sai ya nemi wani gida, ba ya kuma dawowa, mahautan gari su san gidan wane ya rufe. Bamalli ya san wannan sarai. Ya taɓa rubuta shafi shida a kai a jami'a, aka ba shi maki mai kyau.

"Maigidan ba ya nan, sana'ar ba ta nan," in ji Inna Yalwa. "Wannan kaɗai ya rage mana. Ni ko ba na takaba, mace ba ta sauke wannan kayan. Alhamis zai iso. A kasance a gida."

"Za a kasance."

Ya sami Romanus a ƙofar ɗaki yana soya ƙwai a risho. Tun daga tsakar gida Bamalli ke shirya hujjoji, da yadda zai yi in mutumin ya ƙi.

"Romanus, ina da baƙo ranar Alhamis. Kwana uku. A ɗakin nan yake sauka."

"Oga, ba wahala," in ji Romanus da Hausarsa ta tasha. "Ni zai kwana wajen ɗan'uwana a unguwar Iku. Baƙon Oga baƙon ni ne. Zai share ɗaki, zai sa labule sabo. Oga ya ci ƙwai?"

Bamalli ya shirya wa gardama ne, ba a yi gardama ba. Ya ce na gode, ya ce ya ƙoshi, ya tafi. Bai ce masa ga irin baƙon ba.

Ranar Alhamis ya zauna a zaure tun bayan karin kumallo. Wajen ƙarfe goma sai ga Mista Olu, shugabansa a kwamitin bikin, ya tsayar da mota ko kashe ta bai yi ba.

"Malam Bamalli, kana nan kana shan iska? Gangar Gwarawa ta ƙi shiga ƙofar aji. Sun ce inda ganga ta kwana nan za su kwana. Shiga mu je, minti ashirin."

Romanus yana ɗaure katifarsa zai tafi Iku. Bamalli ya ce masa ya ɗan dakata, in baƙo ya iso ya ce masa ya jira, yanzu zai dawo.

Gangar ba ta shiga ba sai da aka kira kafinta ya cire taga. Kafin a gama, mata mawaƙa daga Bida suka ce ajin da aka ba su ba shi da ƙyaure, kuma ba su baro gidajen mazajensu don su kwana a kasuwa ba. Aka mayar da su ɗaya makarantar, inda aka tarar katifun da aka kai na manyan baƙi ne, manyan baƙi kuma an kai musu tabarmi. Wasu 'yan goge biyu da suka shekara tara ba sa ga maciji da juna suka sami kansu a tanti ɗaya, saboda ƙaramar hukumarsu ɗaya ce. Bamalli ya raba, ya haɗa, ya soke, ya sake rubutawa. Sau biyu ya duba agogo. A karo na biyu ya tuna akwai dalilin da ya sa yake dubawa, sai wani ya zo da maganar bokitai.

Ana kiran la'asar ya isa gida. Romanus yana zaune a dakali, yana ganinsa ya miƙe ya buɗe masa ɗakin. An share, an yayyafa ruwa. Ga bokiti, ga sabulu sabo a leda, ga labule.

"Baƙo bai zo ba, Oga. Mota ko ɗaya bai tsaya ba. Sai wani tsoho mai ganga ya zo yana damun Mama da ƙara. Na ce masa Baba, an yi mutuwa a gidan nan, ka yi haƙuri. Bai tafi ba, ya buga sau uku. Na ba shi kwabo goma, ya tafi. Mutumin kirki, har ya yi godiya."

Bamalli ya tsaya yana kallon labulen. Mai furanni ne, ja da fari.

"Labulen ya yi kyau," in ji shi.

Bai shiga cikin gida ba. Ya fara zuwa aji huɗu, ko da yake ya san ba zai same shi a can ba, kuma bai same shi ba. Wani mai kuntigi ya ce an ga Ɗantala ya shiga gidan Zakariya mahauci, layi biyu daga gidansu Bamalli.

Zauren Zakariya cike yake da mahauta. Ɗantala yana zaune a kan buzu, tsoho siriri mai farin gemu, kalangunsa a rataye a bango, ga ƙwaryar fura a gabansa an sha rabi. Da Bamalli ya yi sallama sai hirar ta tsaya. Ɗantala ya yi masa ta'aziyya cikakkiya, bai rage komai ba, Bamalli ya ce amin.

"Baba, na zo ɗaukar kayanka ne. Kuskure aka yi. Ɗaki yana nan a share."

"Ɗan Almu, ka yi ƙiba," in ji Ɗantala. "Aikin gwamnati ya karɓe ka. Ubanka shekara arba'in yana cikin nama bai yi wannan wuyan ba."

Mahauta suka yi dariya, amma ba da ƙarfi ba.

"Wanda ya fito ɗan haya ne, Baba. Bai sani ba."

"Na ga alama. Yana da ladabi kuwa, har rusunawa ya yi."

"Laifina ne."

"Babu laifi. Na kaɗa, ba a fito ba. Na sake kaɗawa, sai na ji tafiyar mace daga ciki, ta zo har bayan ƙofa ta tsaya. Na san ko wace ce. Saboda ita na yi na uku. Ni ba na yin na uku."

Bamalli ya ce ai yanzu ga shi ya zo.

"Ka zo. Amma Zakariya ya sauke mini kaya a gaban jama'a, na kwance su a zaurensa, na sha furarsa. In na naɗe yanzu na bi ka, gobe a kasuwa me za a ce ya yi mini?"

Zakariya, wanda tun ɗazu kansa ke ƙasa, ya ce, "Malam Bamalli, wallahi ban nema ba. A rana na gan shi tsaye da kaya a ka. Baba Almu ne ya koya mini riƙe wuƙa. Da na wuce na bar baƙonsa haka, shi ma ba zai yafe mini ba."

"Na sani," in ji Bamalli. Ya juya ga tsohon. "To baɗi fa, Baba?"

"Baɗi in da rai, nan ne." Ɗantala ya gyara zama. "Gobe da hantsi, kafin mu tafi filin naku, zan zo in gai da Yalwa daga zaure. Ba da kalangu ba. An ce minti biyar aka ba ni a bikin?"

"Bakwai."

"To, madalla. An ƙara."

Bamalli ya laluba cikin ransa ko zai sami wani abu. Ya tarar ƙafafunsa na ciwo, ya kuma tarar yana tunanin cewa yanzu akwai gurbi ɗaya a aji huɗu, za a iya ɗauko ɗaya daga cikin 'yan gogen nan a sa. Aka miƙo masa tsire a takarda, ya ci tsinke biyu saboda an miƙo.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya shiga wajen Inna Yalwa. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da carbi. Ya durƙusa a inda ya saba durƙusawa.

"A ina ya sauka?"

"Gidan Zakariya."

Ta ja carbi uku ko huɗu.

"Suna da rijiya," in ji ta. "Matarsa kuma ta iya tuwo."

Bamalli ya fara bayanin ganga da taga. Ta bar shi ya kai inda zai kai, sa'annan ta ci gaba kamar ba a yi magana ba.

"A gaya mata ba ya cin miyar kuka, tana tayar masa da ciki. Ba zai faɗa ba, zai ci ya kwana yana wahala. Da safe a ba shi ruwan ɗumi ya jiƙa yatsunsa, ba na wanka ba, daban. Kada a shimfiɗa masa kusa da taga. Goro fari yake ci. In ya ce ya ƙoshi a ƙara masa sau ɗaya, in ya sake faɗa a bar shi."

"To, Inna."

"A maimaita."

Ya maimaita. Ya manta goron, ta tuna masa.

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ya ji tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Ta fito da wani baƙin akushi mai faifai a kai, ta goge shi da gefen zanenta, ta ajiye a ƙasa tsakaninsu.

"A nan yake ci. A kai mata."

Bamalli ya ɗauka ya fita. A ƙofar gida Romanus ya tambaye shi ko ya mayar da katifarsa ne ko ya ƙara jira, ya ce masa ya mayar.

A bakin titi wata babbar mota ta tsaya a gabansa, cike da makaɗa da ganguna da buhunan garin tuwo. Direban ya leƙo ya ce daga ƙasar Kambari suke, tun safe suke hanya, an ce akwai wani jami'i da ya san inda kowa zai kwana, ko Malam ya san inda ake samunsa?

Bamalli ya ce aji shida ne nasu, makaranta ta biyu, su miƙe su sha kwana ta hagu bayan famfo. Hannunsa ɗaya bai isa ya riƙe akushin ba, sai ya ɗaga shi da hannu biyu ya nuna musu hanyar da shi. Motar ta wuce, shi kuma ya tsallaka titi ya nufi gidan Zakariya.