Ba Tattasai Ba Ne

Sakinatu ta kutsa cikin kasuwar tattasai da cikinta na wata takwas, ko hanci ba ta rufe ba. Tun tasowarta a Diffa ba ta taɓa taka wurin nan ba. A gidan mahaifinta Halilu mai kanti kowa haɓo yake yi, kuma tun zuwansu daga Damagaram suka ɗora wa ƙurar tattasai laifi. Abin dariya, sai ga ta ta auri Mala, manomin tattasai.

Ta iske surukarta Ya Fanna tana auna busasshen tattasai.

"Kai! 'Yar kanti, koma gida kar ki ɓata mana kaya da jini," in ji tsohuwar.

"Inna, daga likita nake. Lokotoron da ya duba ni ya ce ba tattasai ba ne ke sa mu haɓo. Ƙwayoyin da ke tsayar da jini ne suka yi mana kaɗan, gado ne. Shi ya sa jinin mahaifiyata bai tsaya ba ranar da ta haifi autanmu, kuma ita da babana 'yan wa da ƙani ne."

Ya Fanna ta ajiye kwanon awo.

"Ya ce in haihu a wurinsu, a tanadi masu ba da jini tun yanzu. Yayyena sun je da ƙirji a gaba, aka gwada su, aka ce su ma irina ne. Mala kuma nasa bai dace da nawa ba. Ina jin tsoro, Inna, amma ba zan zauna in jira ba."

A gidan Ya Fanna ba a haihuwa a likita, kuma ta sha yin alfahari da hakan. Ta daɗe tana duban cikin Sakinatu. Can ta miƙe ta kwarara kira da Barbarci. Nan da nan masu ɗaure buhu suka taru, jikinsu ja wur, duk 'ya'yanta ne da na 'yan'uwanta.

"Ku wanke hannu ku bi ta," ta ce. "Wanda ya ji tsoron allura kar ya sake cin tuwona."

Kafin su tafi, Sakinatu ta ɗebi tattasai cike da hannu ta shaƙa. Ta yi atishawa har da hawaye, ta goge hanci da gefen mayafinta, ta duba. Fari tas.

"Inna, a auna mini tiya guda," ta ce. "Babana zan kai wa."