Sandunan Geza

Khadijatu ta kusa gama kafa bukkar amarya a rugarsu ta gefen Falgore. Ɗanyun sandunan geza take kafawa a ƙasa, ta lanƙwaso kawunansu su haɗu ta ɗaure, sai bukka ta ɗauki siffarta tun ba a sa ciyawa ba. Ta 'yarta Nusaiba ce, wadda za ta auri Halliru ɗan bappanta. Tare suka taso, ba wanda ya haɗa su, su suka haɗa kansu.

Kabir, yayan Nusaiba, yana kwance a gindin mangwaro. Tun yana ƙarami jikinsa ba ƙarfi, yanzu ko ƙwaryar nono sai an riƙe masa.

Da la'asar Nusaiba ta sauka daga mashin. Karatun jinya take a Kano, ita ce kuma ta nace aka ɗebi jinin Kabir da nata da na Halliru, wasu likitoci masu bincike suka tura waje.

"Amarya!" in ji Kabir. "Zo ki ga fadarki. Halliru sai ya yi ruku'u zai shiga."

"Hamma, ka bari," ta ce wa yayan nata, ba ta yi dariya ba.

Ta durƙusa ta gaida uwar, ta miƙa mata waya. Hoton wani abu ne lanƙwasasshe, shuɗi da ja.

"Inna, naman jikinmu ƙananan ɗakuna ne, kowanne da tantanin da ya rufe shi. Wannan abin, furotin sunansa, shi ke kama tantanin ya lanƙwasa shi, kamar sandunanki. Na Hamma bai iya lanƙwasawa."

Khadijatu ta daɗe tana kallo. "To a jiƙa shi mana, kamar busasshen sanda. Ba magani?"

"Babu tukuna. Gado ne, sai ya zo ta uwa da uba duka. Ke da babanmu jini ɗaya ne. Ni ina ɗauke da shi. Halliru ma."

"Ke ai lafiyarki lau."

"'Ya'yanmu ne, Inna. Wani zai iya zuwa kamar Hamma."

Kabir ya juyar da fuska ga bishiya.

"Halliru ya sani?" in ji Khadijatu.

"Jiya na gaya masa. Ya ce shi ya ji ya gani. Na ce ni da nake ɗaga Hamma, ni na gani. Na fasa auren."

Kakannin Khadijatu duk a gida suka yi aure, ba ta taɓa jin an kira hakan laifi ba. Ta dubi bukkar, saura sanda uku a hannunta.

"Inna," in ji Kabir a hankali, "kar ki rushe. Rana na damuna a nan."

Ta ɗaure ukun da suka rage. Washegari ta sa ciyawa, ita da Nusaiba suka ɗauki Kabir suka shigar da shi.