Baƙin Zare a Hannun Riga

A ɗakin ɗinkin gidan wasan kwaikwayonmu, da alƙalami shugabarmu Misis Pargeter take zana adon hannun rigunan mutanen da, maimakon ta ɗinka. Abin ya ishe ni. Na ajiye mata hoton tsohon zanen wata attajira, bakin hannun rigarta a naɗe, adon baƙin zaren da ke jikinsa iri ɗaya ciki da waje.

Na ce, "Wannan aikin allura ne."

"Malama mai digiri, wa zai gani daga kujerun baya?"

"Mai sa rigar za ta gani."

Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta miƙo min hannun rigar na dama.

"Gwada mu gani. In ya yi kyau, ni zan ɗinka na hagun."