Kafinta da Ƙwayar Gwaji

"Sake ni, Direba," in ji Kafinta. "Ba gawa ka ɗauko ba tukuna."

Na sake shi. Muna tsakiyar matakalar bene, ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, bakinsa a buɗe, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana jan zarto a busasshen katako. Ranar zuwansa asibiti ce, mun makara, ga motata can ƙasa na bar ta a kunne. Sai da ya huta ya sake hutawa kafin muka kai ƙofar gida.

Ni tasi nake tuƙawa. Ƙofar Kafinta tana kallon tawa, a hawa na biyu, tun yarana suna rarrafe. Shagonsa yana ƙarshen layinmu, kuma da wuya ka shiga wani gida a layin ba ka zauna a kan kujerar da ya haɗa ba. Ƙurar katakon da ya shaƙa tun yana saurayi ita ce ta dawo ta same shi da tsufa. Likitoci suka ce huhunsa ya yi tabo ya taurare, kuma irin wannan tabon ba ya gogewa. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa ɗaya ce, tana aure a wani gari mai nisan yini guda a mota. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata.

Ina wurin ranar da aka fara yi masa maganar binciken, domin ni na kai shi. Likitan, wani dogon mutum mai sanyin murya, ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, ya ce akwai sabon magani da ake gwadawa a asibitoci da yawa, ana so a gani ko zai rage saurin ciwon.

"Amma ka saurara da kyau, Baba," in ji shi. "Rabin mutanen za a ba su maganin. Rabin kuma ƙwaya ce mai kama da shi, ba komai a cikinta. Na'ura ce take rabawa. Kai ba za ka san wadda kake sha ba, ni ma ban sani ba."

"Likita bai san abin da yake ba ni ba?"

"Da gangan ne. In na sani, idona zai riƙa ganin abin da zuciyata take so."

"To in alewar aka ba ni fa?"

"Magungunanka na da suna nan, ba za a taɓa su ba. Kuma duk ranar da ka ce ka fasa, ka fasa, ba wanda zai ɓata maka rai. Ban yi maka alkawarin warkewa ba, Baba."

Kafinta ya dube ni, ya dubi likita. "Wannan ne mutum na farko da ya ce zai yi min aiki bai cika baki ba," in ji shi. "Na shiga."

Tun daga nan duk bayan mako biyu muna hanya. Akwai wata ma'aikaciyar jinya mai tabarau da ke kula da 'yan binciken, Kafinta ya sa mata suna 'Yar Allura, sunan kuwa ya bi ta har abokan aikinta suka ɗauka. Ita ce take ɗibar jininsa, ta sa shi ya hura iska cikin wani bututu har idanunsa su kawo ruwa, sannan ta fito da shi doguwar barandar asibiti ya yi ta kai da komo tana bin sa a baya da agogo a hannu. Ni ina zaune a benci ina kallo. Yakan wuce ni yana haki ya kashe min ido ɗaya.

A wata na biyu ƙwayar ta fara sa shi tashin zuciya. Matata ta damu, shi kuwa murna ya yi.

"Alewa ba ta sa amai," ya ce mata. "Ta gasken ce na samu. Ki gaya wa mijinki ya daina yi min kallon maraya."

Ya ɗan ji dama a lokacin, ko kuma ya ga kamar ya ji. Har ya shigo gidanmu da guduma ya gyara ƙofar kabad ɗin kicin da ta shekara tana lilo, yana yi yana zagin wanda ya haɗa ta.

Ana cikin haka 'yarsa ta zo. Da ta ga robar iskar da aka fara sa masa a hanci in zai kwanta, ta ga yadda wandonsa ya yi masa yawa, sai ta ajiye jakarta ta ce gobe da shi za ta koma. Bangon gidanmu ba shi da kauri. Ba mu so ji ba, amma mun ji. Daga baya ta buga mana ƙofa da kanta.

"Kawu, zo ka yi masa magana. Kai yake ji."

Na same shi a kujerarsa ta bakin taga, ya juya mata ƙeya.

"Na gyara masa ɗaki," in ji ta. "A ƙasa, ba hawa ba sauka. Yara kullum suna tambayar kakansu. Shi kuma ya ce ba zai bar mutanen da suka mayar da shi abin gwaji ba. Mutanen da ko abin da suke ɗura masa ba za su faɗa ba!"

"Ba su sani ba ne, Uwata."

"To wannan ya fi muni, Baba!"

"Asibitin garinku ba ya cikin binciken. In na tafi, na yanke aiki a tsakiya. Kin taɓa ganin na bar wa wani tebur da ƙafa uku?"

"Kai ba tebur ba ne. Ubana ne kai."

Ya juyo ya dube ta. Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara ɗaya suka ce. In ta cika, ki zo ki ɗauke ni kamar buhu, ba zan ce uffan ba. Wataƙila ma da ƙafata zan zo, ina ɗauke da ƙaramin a wuya."

Ta dube ni tana jiran in goyi bayanta. Na ce, "Ki yi haƙuri, 'yata, muna nan kusa da shi." Ta ɗauke kai. Washegari na kai ta tasha, da za ta fita daga mota ta juyo ta dube ni.

"In wani abu ya faru, Kawu, ka kira ni da wuri. Kada ka kira ni bayan an gama."

Bayan tafiyarta ciwon ya ci gaba da tafiyarsa, bai tambayi kowa ba. Robar iskar da a da sai da barci ta koma ta yini a hancinsa. A barandar asibiti ya daina kashe min ido, sai ya riƙa dafa bango, 'Yar Allura tana cewa, "Baba, ya isa haka," yana girgiza kai. Ya ba da hayar shagon ga wani mai sayar da wayoyi. Matata ce take kai masa abinci, ta dawo da kwanon kusan yadda ta kai shi. Amma ƙwayar nan bai taɓa tsallake ta ba ko sau ɗaya.

Ranar da muka makara a matakala ita ce ranarmu ta ƙarshe a wurin. Da muka isa, ba a ɗebi jini ba, ba a fito da bututu ba. 'Yar Allura ta kai mu ofishin likita kai tsaye, ta tsaya a bakin ƙofa tana goge tabaranta.

"Baba, an tsayar da binciken," in ji likita. "Akwai masu sa ido da suke duba sakamakon duk asibitocin. Sun ga waɗanda suka sha maganin da waɗanda ba su sha ba, ciwonsu tafiya ɗaya yake yi. Maganin ba ya aiki."

Ba abin da ake ji sai hucin tukunyar iskar da ke gefen ƙafarsa.

"Ko kaɗan?" in ji Kafinta.

"Ko kaɗan. Ka yi haƙuri. Ni ma na sa rai."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Likita, wata nawa bawan Allahn nan yana hawa da sauka, kuna tsotse masa jini—"

"Direba." Ya ɗora hannu a gwiwata. "Mutumin nan bai yi min ƙarya ba. Kana wurin."

Likita ya ce nan gaba kaɗan za a iya gaya masa wadda ya sha, in yana so.

Kafinta ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Tunda duk ɗaya ne, bar shi. Ni dai na yi amaina, ba wanda zai ƙwace min shi." Ya miƙa wa 'Yar Allura sauran ƙwayoyin da ke aljihunsa. Ta karɓa da hannu biyu.

Muka kama hanyar gida. Da muka shigo layinmu ya ce in tsaya a gaban shagon. Mai wayoyi ya yi wa ƙofar shuɗin fenti, ya saki kiɗa. Kafinta ya daɗe yana kallo ta gilashin mota, sannan ya ce, "Kira min Uwata. Ka ce mata ta share ɗakin."

Muka sa tafiya ranar Asabar da safe. Ni na ce zan kai shi har ƙofar gidanta. Da gari ya waye na shiga na tarar ya riga ya shirya, ya sa farar rigarsa da takalmi, yana zaune a kujerar bakin taga yana ba da umarni. Jaka biyu ce, da wani ƙaramin akwatin kayan aiki da ya ce na jikansa ne.

"Yaron bai kai riƙe guduma ba," na ce.

"Zai kai. Ka sa akwatin a kujerar gaba, kada ka danne shi da jaka. Ni kuma zan zauna a baya kamar babban mutum."

Na sauka da kayan, na jera su a mota, na duba ruwa da tayoyi. Wani maƙwabci ya tsayar da ni yana tambayar ko gaskiya ne Kafinta zai tashi. Na hau ina haki, tun daga matakala nake cewa, "To babban mutum, mota ta shirya."

Bai amsa ba. Yana nan a kujerar, kansa ya karkata wajen taga, hannayensa a kan cinya. Tukunyar iskar tana ta hucinta. Na kira shi, na sake kira, na taɓa wuyansa. Sai na ƙwala wa matata kira.

Ni na buga wa 'yarsa waya. Da ta ɗauka, na ji muryar yara a bayanta, ta ce, "Kawu, kun taso?" Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Nan ta gane, ta ce, "Sai da na roƙe ka, Kawu."

Bayan an yi jana'iza ta zauna 'yan kwanaki tana karɓar gaisuwa tana kwashe kayan ɗakin. Wata ranar da yamma sai ga 'Yar Allura, ba kayan aiki a jikinta, har ban gane ta ba da farko. Ta durƙusa ta yi ta'aziyya. Na ce wa 'yar Kafinta wannan ce take kula da shi a asibiti.

Ta ƙare mata kallo. "Ashe ke ce. Kawu ya ce maganin naku ba ya aiki."

"Haka ne, Anti."

"Wato watannin nan da ya ƙi zuwa wurina, a banza."

'Yar Allura ta sunkuyar da kai. "Ban san abin da zan ce miki ba. Akwai masu ciwon da yawa da da za a ɗora a kan maganin, su yi ta shan wahalarsa shekara da shekaru. Yanzu ba za a ɗora su ba. Na san wannan ba zai dawo miki da komai ba."

"Ƙaramin ɗana bai san fuskarsa ba sai a waya."

"Yana nuna min hotonsa duk zuwa," in ji 'Yar Allura. "Kafin in sa allura sai ya ce in tsaya in ga mai gidan."

'Yar Kafinta ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe, har muka ɗauka ba za ta fito ba. Sai ta fito da kofin ruwa ta ajiye a gaban baƙuwar, ta koma wurinta ta zauna. Suka zauna haka har hasken taga ya fara ja. Da 'Yar Allura za ta tafi, na ce zan sauke ta, ta ce a'a, tana so ta taka.

Ranar da 'yar Kafinta za ta koma, da hantsi, na hau rufin bene neman matata in ce mota ta shirya. Na same su su biyu a wurin shanya. 'Yar Kafinta ta tarar da kayan ubanta masu datti a kwando, ta ce ba za ta bayar da su haka ba. Matata ta riƙe ƙafar wando ɗaya, ita ta riƙe ƙugun, suna murɗawa. Rigunansa sun cika igiya, iska tana ɗan kumbura su tana saki.

Na tsaya a bakin ƙofa, ruwan yana ɗiga a kan siminti, yana bin gangara a hankali zuwa magudana.