Usur ɗin Baba Direba

Yaya, ya ji! Wallahi tallahi yarona ya ji! Kar ki katse ni, bari in kai ƙarshe, don in na tsaya kuka zan fashe da shi, kuma ni kaina ban san ko na murna ne ko na baƙin ciki ba.

Kin san dai wata goma ke nan ina buga masa murfin tukunya a bayan kai, ko gezau. Surukata har ta daina kiran sunansa, sai "kurman nan naki". Likita ya ce mu sa ido, in akwai ƙarar da ta sa ya waiwaya ko sau ɗaya ne, to da sauran ji a kunnen, akwai 'yar na'urar da za a maƙala masa. To ranar Asabar ya waiwaya. Kuma ranar ce Baba Direba ya rasu.

Baba Direba maƙwabcinmu ne, ƙofarsa na jikin tamu a saman bene, hawa na uku. Shekara talatin yana tuƙa jirgin ƙasa, irin na da, mai cin gawayi yana fitar da tururi. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya taɓa gangarowa daga matakala, sai 'yarsa, Anti Nas, ta riƙa sa wa ƙofar ƙarfen kwaɗo in za ta tafi asibiti aiki. Tagarsa ma ƙarfe ne, sai sanda ɗaya da aka lanƙwasa don in riƙa miƙa masa kular abinci. A nan yake wuni kan kujera, ni kuma ina shanya a baranda. Ni ma ai ba fita nake ba. Maigidan yana tafiye-tafiye, surukata kuma ko ƙofar ƙasa ba ta bari in leƙa sai ranar asibitin yaro.

"Maman Fasinja," haka yake ce min, don Fasinja yake kiran yaron, "ni da ke duk 'yan gidan yari ne. Ke dai kin fi ni sa'a, gandirobarki tana barcin rana."

"Baba, za ta ji ka fa!"

"Ta ji mana. Me za ta yi min, ta kulle ni?"

Daga tagarsa ana hango rufin tsohuwar rumfar gyaran jirage, wadda aka mayar gidan tarihi. A ciki aka ajiye kan jirgin da ya tuƙa. Baƙa yake ce mata, kamar wata matarsa. Shekara biyu ana gyaranta, muna jin bugun guduma. Rannan da hantsi sai ga hayaƙi ya tashi daga rumfar. Baba ya kama ƙarfen taga da hannunsa mai lafiya. Can sai muka ji "fiiif", wata 'yar ƙara kamar an taka agwagwa.

"Mene ne wannan?" in ji shi.

"Ina jin kukan jirgin ne, Baba."

"Hon ɗin tifa ne! Hon ɗin motar yashi suka sa wa Baƙa!"

Yaya, na fara dariya, sai na ga hawaye a gemunsa. Ranar ko kular bai buɗe ba.

Washegari ya ce in matso. Ya ja wani abu daga ƙarƙashin gado da sandarsa, a naɗe cikin tsohuwar rigar aiki. Da kyar ya turo min shi ta wurin kular, sai da ya goge fentin ƙarfen. Tagulla ce, tsawon hannuna, nauyi kamar Fasinja.

"Usur ɗinta ne," ya ce. "Ranar da aka ajiye ta na ga masu sayen ƙarafa suna zagayawa. Na ce za su iya cin jikinta, amma ban da muryarta. Na kwance na taho da shi. Da na je mayarwa sai na ji ana cewa ɓarawo ya sace, sai kunya ta hana ni. Shekara ashirin da shida yana ƙarƙashina."

"To ni ya zan yi da shi?"

"Jibi ba ranar asibitinku ba ce? Ki biya ki ba su. Amma kar ki ce daga wurina ne sai bayan raina." Ya kalli yaron a bayana. "Kuma ki ji, wannan usur ɗin daga tasha uku ake jin sa. In akwai ko ɗigon ji a kunnen Fasinja, shi zai tono shi."

Daga nan ban ƙara musu ba.

Na cusa shi cikin jakar yaro, na rufe da kayan sawarsa. Surukata ta ɗaga jakar ta ce, "Duwatsu kike kai wa likitan?" Na ce ruwan zafi ne a filas biyu. Na karɓi jakar na fita.

Gidan tarihin ɗan ƙarami ne, Yaya. Fitilun hannu ja da kore, hulunan ma'aikata a cikin gilashi, abin huda tikiti, da wani ƙaton agogo da ya tsaya. Sai Baƙa a tsakiya. Tayarta ɗaya ta fi ni tsawo! Tana ta sheƙi, ga warin mai da gawayi. Wani mai furfura ya fito daga ƙarƙashinta hannu duk baƙin mai, Injiniya suke ce masa. Da na buɗe jakar, sai ya zauna a ƙasa daɓas.

"Baiwar Allah, ina kika samo wannan? Har ƙasashen waje muka rubuta takarda muna nema!"

"An ce in kawo ne kawai."

"Wa ya ce?"

"An ce kar in faɗa."

Ya juya tagullar, ya shafa wurin da hannu ya cinye. "Wanda ya ba ki, goge shi yake yi duk sati. Ki ce masa ranar Asabar ƙarfe goma ya buɗe kunne. Akwai yadda yake so a busa?"

Akwai kuwa, Baba ya riga ya koya min. Dogo biyu, gajere ɗaya. Da haka yake gaya wa marigayiya matarsa tun daga bayan gari cewa ya dawo, ta ɗora ruwan wanka.

Da na dawo ya tsare ni da tambaya. Fentin ya yi? Sun wanke gilashin fitilar? Sai ya ce, "Layin dogon da suka shimfiɗa mata, ina ya nufa?"

"Ba ya zuwa ko'ina, Baba. Kamar daga nan zuwa famfon bakin titi ne. Katanga gaba, katanga baya."

Ya ce, "Ita ma sun sa mata kwaɗo ke nan."

Ya roƙi Anti Nas ta sa a sauke shi ranar Asabar, ko a kan kujera ne. Ina jin su ta bango.

"Baba, matakala arba'in da biyu ce. Jininka ya hau, ƙafarka ta kumbura. Kuma ina da aikin safe. Ka bari ka ɗan warware, ni da kaina zan kai ka."

"Haka kika ce bara."

Ranar Asabar na ji ƙarar kwaɗon da ƙarfe bakwai. Ƙarfe tara ya riga ya sa hular aikinsa, ya jingina goshi da ƙarfen taga. Na tsaya a baranda, na juya wa rumfar bayan Fasinja, yana wasa da maɓallin rigata. Hayaƙi ya tashi. Goma ta yi, ta wuce da minti biyar. Sai Baƙa ta yi kuka.

Yaya, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Har cikin haƙorana na ji shi. Tattabarun rufi duk suka watse. Dogo, dogo, gajere. A na biyun yaron ya saki maɓallin. Ya buɗe ido, ya juya kansa gaba ɗaya wajen rumfar, ya taɓe baki ya tsala ihu.

"Baba, ya ji! Mama, fito, ya ji!"

Ina tsalle, surukata ta fito ba ɗankwali tana salati. Baba yana dariya ba sauti, ya ce, "Na gaya miki. Muryarta ba ta tsufa ba." Sai ya miƙo hannu ta wurin kular. "Riƙe ni, 'yata, jiri nake ji."

Na riƙe. Na ji hannun ya yi nauyi. Na kira shi, na sake kira. Surukata ta ɗauko taɓarya ta hau dukan kwaɗon har tafinta ya fashe, kwaɗon ko motsi. Muka buga wa Anti Nas waya, mabuɗin yana jakarta, hanya kuma ta cushe. Awa guda cur ina durƙushe a baranda, hannuna ɗaya a cikin ɗakinsa, ɗayan riƙe da Fasinja. Duk bayan ɗan lokaci Baƙa ta sake kuka wa 'yan kallo, yaron ya sake juyawa. Ina ganin Baba, taku ɗaya tsakaninmu, ko hularsa da ta karkace ban iya gyara masa ba.

Da Anti Nas ta iso, mabuɗin sau uku yana faɗuwa daga hannunta. Ba abin da take cewa sai, "Don kar ya faɗi ne fa, wallahi don kar ya faɗi ne." Surukata ce ta rungume ta.

Jiya mun koma wurin likita, kuma surukata ce ta goya yaron da kanta, da sunansa take kiransa yanzu. An auna, an ce kunnen dama da saura, za a gwada masa na'urar wata mai zuwa.

To ga abin da nake so da ke. Baba ya ce sai bayan ransa, ga shi an zo wurin. Na aika wa Injiniya, amma ni ba fita nake ba, ke kuma kina shiga mutane. Ki gaya wa su Inna, ki gaya wa duk wanda kika san zai je kallon jirgin nan, usur ɗin ba sace shi aka yi ba, direbanta ne ya adana mata. Su ma su faɗa wa na gaba.

Ƙofarsa a buɗe take yanzu, Anti Nas ta cire kwaɗon. Kujerar tana nan bakin taga da hular a kai. Ɗazu na sauke Fasinja zan yi shanya, kafin in juyo ya rarrafa ya shige, ya kama ƙafar kujerar ya miƙe tsaye, fuskarsa wajen rumfar.