Makullin Ruwan Hawa na Huɗu

Notin ya ƙi kwancewa, sai da Malam To ya kafa gwiwa a bango ya danne sufana da ƙarfinsa duka, sannan ya saki. Ya zare kan makullin ruwan hawa na huɗu, wani jan ƙarfe mai zagaye da bai fi tafin hannu ba, ya jefa a aljihu. Ya riga ya ɗaure makullin tamau. Ko ɗigo ba zai ƙara gangarowa daga tanki zuwa ɗakunan nan ashirin ba.

Shekararsa goma sha tara yana gyaran famfo a otal ɗin, kuma ba banza aka laƙaba masa sunan nan ba. Duk abin da na sama ya ce, amsarsa "to". Da can, kowace Litinin yakan bi ɗakunan da babu baƙi, ya buɗe famfo da shawa su zuba na minti biyar, don kada ruwa ya daɗe a kwance cikin bututu. Da sabon Manaja ya zo, ya ce wannan almubazzaranci ne, a daina. Malam To ya ce to. Manaja ya ce a rage zafin tukunyar dumama ruwa, tana shan wuta. Ya ce to, ya je da hannunsa ya murɗa. Aka kuma rufe hawa na huɗu wata huɗu cur, ruwa na kwance a bututu, shi ba zafi ba, shi ba sanyi ba.

Kwana tara da suka wuce aka ce a share hawan, baƙi na tafe. Wadda ta hau kuwa Yaya ce, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya shi, shugabar mata masu gyaran ɗakuna. Ga shekaru, ga ciwon sukari, amma ba ta yarda wata ta wanke mata banɗaki. Ta bi shawa ashirin ɗaya bayan ɗaya tana saki, tana guga cikin feshin ruwa. Yanzu tana asibiti, an sa mata robar numfashi, ƙirjinta na ƙara kamar ana jan zarto.

Jiya likita ta zaunar da shi. Ta ce wata ƙwayar cuta ce, Lijiyonela, mai hayayyafa a ruwa mai ɗumi da ya daɗe bai motsa ba. Ba a cika ɗaukarta ta hanyar sha ba, feshinta ake shaƙa ya sauka a huhu, kuma tsofaffi ta fi kayarwa. Ta tambaye shi wa ke kula da ruwan wurin aikinta. Wallahi ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ta ba shi takarda ya kai wa Manaja, ya kuma kai hannu da hannu.

Yau da ƙarfe huɗu ƙungiyar malamai 'yan fansho za ta sauka, tsofaffi arba'in, bibbiyu a ɗaki.

Yana saukowa daga rufin da tankin yake ya yi kiciɓis da Manaja a bakin ɗaki na bakwai, mata huɗu na bayansa da keken zannuwan gado.

"Kai, Malam To! Me ya sami ruwan hawan nan?"

"Ni na rufe, ranka ya daɗe."

"To, je ka buɗe."

"A'a."

Matan suka dubi juna. Ɗaya har ta saki matashin da ke hannunta. Shi kansa sai da ya ji kalmar ta yi masa baƙunta a baki.

"Me ka ce?"

"Cewa na yi a'a. A ba ni kwana uku. In kwashe ruwan, in wanke tanki, in zuba magani, in mayar da zafin tukunya, ma'aikatan lafiya su zo su gwada. Ka ga takardar likita."

"Wace takarda? Ni ban karanta komai ba. Yayarka sanyi ya kama ta, tsufa ne. Yanzu don tsohuwa ta yi tari sai in kori baƙi arba'in?"

Ran Malam To ya ɓaci, ɓaci irin wanda bai taɓa sani ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza."

"Tsami? Zo ka ga tsami!"

Manaja ya faɗa banɗakin, ya ɗauki kofin gilashi, ya murɗa famfo. Ɗan ragowar da ke bututu ya tsiyayo, garai-garai. Ya ɗaga wa matan su gani, ya kafa kai ya shanye, ya dire kofin.

"Na mutu? Ku ce na mutu mana!"

"Allah ya ƙara lafiya," in ji Malam To. "Saura wanka."

Ya miƙa hannu ya kama marikin shawa.

Kai, ashe Manaja na da gudu! Kafin a ce kwabo ya yi tsalle ya dira a baranda, ya ture keken zannuwa, hankici a hanci, yana ihu cikin hankicin, "Kashe! Kashe, mahaukaci!"

Shawar ta yi ɗan huci, ta yi shiru. Malam To ya riga ya tsiyaye layinta tun da safe, ƙyalle ɗaure a fuskarsa.

Ba wanda ya yi dariya. Babbar cikin matan ta dubi hankicin, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Ashe dai ka karanta, Yallaɓai. Kuma ka ce mu shigo mu wanke."

Ta kwance ɗamarar aikinta, ta ninke, ta aza a kan keken. Sauran uku suka yi yadda ta yi.

Manaja ya sauke hankicin. Ya nuna Malam To. "Ka ajiye mini kayan aiki. Na sallame ka."

"To," in ji Malam To, da fara'arsa.

Ya ajiye akwatin kayan aiki, da makullan ɗakin tanki, da rigar aikin. Jan ƙarfen dai ya riga ya koma aljihun wando. Ya sani sarai duk mai gyaran da aka kira zai iya buɗe makullin da sufana. Shi ya sa bai zarce asibiti ba, sai da ya biya ofishin ma'aikatan lafiya, ya ba su kwalbar ruwan da ya ɗiba da safe, ya tsaya a kansu har ya ga motarsu ta tashi.

Ya tarar da Yaya ido biyu. Ta rame, amma idon nan na faɗa yana nan. Ya zauna, ya kasa dubanta.

"Yaya, ni na rage zafin tukunyar nan. Da hannuna."

Ta janye robar daga bakinta. "Na sani, sakarai. Ka rufe?"

Ya ciro jan ƙarfen ya sa mata a tafin hannu. Ta jujjuya shi.

"Sun kore ka?"

"Sun kore ni."

"Madalla." Tari ya sarƙe ta, sai da ya lafa ta ƙarasa. "Shekara hamsin ina jira ka yi abin da za a kore ka."

Ya mayar mata da robar, ya gyara igiyar a bayan kunnenta. Ya miƙa hannu zai karɓi ƙarfen, ta damƙe abinta, ta tura ƙarƙashin matashi.